Babi na Shida: Kwanson da Ya Rage a Ƙasa

Wata ranar Talata, a gefen kasuwar Mafara inda 'yan gwangwan suke kafa sikelinsu, na ga wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya kwance bakin baƙar leda ya zazzage abin da ke ciki a ƙasa. Ƙarar da ta fito siririya ce, kamar an zubar da tsofaffin kwabbai. Kwanson harsashi ne, sun kai talatin, wasu sun yi tsatsa, wasu suna ɗaukar ido kamar sabon ɗankunne. Mai sikelin bai ko ɗaga kai ya dubi yaron ba. Ya jawo mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya bi ta kansu da shi. Waɗanda suka maƙale ya ture su gefe, ya ce baƙin ƙarfe ne, ba su da wani kuɗi. Waɗanda suka ƙi bin mayen, su ya ɗora a sikeli.

Na ce, "Samari, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce, "Bayan gari, Malam. Can inda anka yi harbi shekaranjiya."

Abin da mai sikelin nan ya yi da mayen ƙarfensa, ba tare da ya karanta littafin kowa ba, shi ne tambayar farko da duk wani masanin harsashi a duniya yake yi idan aka miƙa masa kwanso: tagulla ne ko baƙin ƙarfe?

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kan da yake fita ya tafi, wanda yawanci dalma ce ko ƙarfe aka lulluɓe da jan ƙarfe. Akwai albarushi. Akwai ɗan ƙyastu mai kamar maɓallin riga a gindi, wanda allurar bindiga take sara ya ba da wuta. Sai kwanson da ya rungume su duka. Idan aka ja kunama, albarushi ya ƙone, ƙyastu ya mutu, kai ya tafi inda aka aike shi. Kwanso kaɗai ke tsira, bindiga ta tofar da shi gefe da zafinsa.

An zaɓi tagulla don wannan aiki ne saboda halinta. Wadda ake yin kwanso da ita, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 30 tutiya. A daidai lokacin da albarushi ya kama, matsin da ke cikin babbar bindiga yakan ninka iskar tayar mota kusan sau dubu biyu. Tagulla sai ta kumbura ta manne da bangon ɗakin harsashi, ta toshe hanya kada wutar ta dawo fuskar mai harbi. Matsin yana sauka sai ta ɗan tsuke, ta yarda a zaro ta. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Kuma ba ta tsatsa. Shi ya sa kwanson tagulla da aka harba sau ɗaya bai gama aiki ba, ana iya sake cika shi sau da dama kafin ya gaji.

A Amurka, inda doka ta ba mutum damar ɗura harsashinsa da kansa a gida, wannan ya zama sana'a da kuma abin sha'awa, da littattafanta da shagunanta da gwanayenta. Sun ma wuce sake cika kwanso. Sukan ɗauki kwanson da aka yi don wata bindiga su sauya masa jiki ya dace da wata daban. Abin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne harsasai ma dangi-dangi ne. A 1906 sojan Amurka suka ɗauki harsashin da ake kira .30-06. A 1925 kamfanin Winchester ya tsuke wuyan kwanso irin wannan ya fito da .270. Tun wajen 1920 wasu maƙeran bindiga suke ƙara tsuke shi don ƙaramin kai, suna harba abinsu shekara da shekaru babu kamfanin da yake yi, sai a 1969 Remington ya karɓe shi ya sa masa suna .25-06. Wasu kuma buɗa wuyan suka yi, aka sami .35 Whelen. Haka .308 Winchester na 1952, ɗan'uwan harsashin ƙawancen NATO da bindigogin G3 da FN na sojanmu suke ci, ya haifi .243 a 1955. Gindinsu ɗaya, kafaɗa da wuya da tsawo ne suka bambanta. Harsashin da wani ya ƙirƙira a shagonsa, babu kamfanin da ya ɗauke shi, suna yi masa laƙabi da kyanwar daji.

Kayan aikin ba su da yawa a ido: injin hannu mai mariƙi kamar na famfon burtsatse, da wani ƙarfe mai rami wanda aka yi wa cikinsa siffar kwanson da ake so, kamar yadda abin buga bulo yake ba siminti siffa. Amma wahalar aikin tana cikin halin tagullar ne, kuma a nan duk maƙerin fari na ƙasar Hausa, mai yin munduwa da zobe, zai gane maganar tun ba a ƙarasa ba. Tagulla in ana bugunta ko ana matsa ta, tauri take ƙarawa, har ta kai ta tsage. Sai an mayar da ita wuta ta huce fushinta ta yi laushi. Ba kamar baƙin ƙarfe ba ne, da maƙerin baƙi yake tsoma shi a ruwa da jansa don ya yi tauri. Ita tagulla ruwa ba ya ƙara mata komai. Matsalar kwanso ita ce ana son wuyansa da laushi, gindinsa da tauri. Wanda ya bar zafi ya kai gindi ya kashe kwanson, kuma ido ba zai nuna masa ba sai ranar da ya fashe a cikin bindiga. Kuskuren kaurin gashin kai a tsawo ko a kaurin wuya yana iya tayar da matsi ya wuce abin da ƙarfe zai ɗauka. Saboda haka masu wannan aiki suke auna komai da ma'auni mai karanta ɗaya bisa dubu na inci, kuma duk da haka akan sami wanda ya rasa ido ko yatsu.

Akwai wani abu guda da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan sana'a. Kowane kwanso yana da rubutu a gindinsa, wanda masana'anta ta buga tun ranar haihuwarsa. In an sauya masa jiki, rubutun nan ba ya sauyawa. Kwanson da aka mayar .243 zai ci gaba da cewa shi .308 ne har ya mutu. Don haka masu hankali a cikinsu ba sa haɗa irin waɗannan da sauran, sukan ware musu akwati su rubuta a jiki, don kada wani ya yarda da abin da gindi ya faɗa ya sa a bindigar da ba tata ba. Za a iya sauya wa kwanso wuya da kafaɗa, amma asalinsa yana nan a rubuce. Zan dawo kan wannan.

A ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, wanda ya fi kusa da mai ɗura harsashi da hannunsa shi ne maharbi mai bindigar toka, wadda ake wa kirari da harba-ka-ruga. Ita ba ta san kwanso ba. Bututun shi ne kwanson. Kowane harbi sai mai ita ya ɗura da kansa ta baki: albarushi, da tsumma, da 'yan dalma ko guntayen ƙarfe, ya daddanna da sanda. Ina yaro na sha zama kusa da wani kawuna maharbi, wanda yake fita fadamun gulbin Sakkwato neman zabin daji da gada, yana wannan ɗuri da asuba. Albarushinsa yana cikin ɗan ƙaho, ma'auninsa kuma tafin hannunsa ne. Hannun hagunsa yatsu uku ne. Tun yana saurayi ya ari bindigar wani, ya ɗura mata yadda ya saba ɗura tasa, bututun ya tsage. Ranar da na kai hannu zan taɓa ƙahon, ya riƙe mini wuyan hannu da yatsun nan uku, ya ce, "Ɗan nan, bindiga ba ta san mai ita ba. In ka cika mata ciki, kai za ta hwara ci." Abin da Ba'amurke yake nema da ma'auninsa mai lambobi, shi kawu ya koya da naman jikinsa. Ilimin ɗaya ne: kowane bututu da iyakar abin da zai ɗauka.

Turawa suna kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwarsu da suka zauna a bakin tekun Ankara suna sayar da ita tun ƙarnukan baya. Ta shigo arewa ta hannun fatake, maƙera suka kwance ta suka gane kanta, suka shiga yin tasu. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, har igwa ake zubawa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi. A daular Usmaniyya kuwa doki da mashi da kwari da baka ne ƙashin bayan yaƙi, 'yan bindiga tsiraru ne, galibi bayin sarki. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burasel suka yi yarjejeniyar hana shigo da bindiga mai cin harsashi cikin mafi yawan Afirka, suka bar ta ɗuri ta ci gaba da shigowa. Daga nan kwanso ya zama dukiya ga duk wanda yake da 'yar bindigar zamani a hannu. Samori Ture, wanda ya yi ta fafatawa da Faransa a yammacin Afirka har suka kama shi a 1898, yana da maƙera masu kwaikwayon bindigogin Faransa, kuma mayaƙansa sukan tsince kwanson da aka harba a kai wa maƙeran su sake cikawa. Wannan ita ce sana'ar sake ɗura harsashi a yankinmu na duniya, kuma tilas ce ta haife ta. Da Turawan Ingila suka zo a 1903, a Kwatarkwashi cikin watan Fabrairu da filin Giginya na Sakkwato ranar 15 ga Maris, bambancin da ke tsakanin rundunonin biyu a fili yake: ɓangare ɗaya yana da harsashi cikin akwatuna da bindiga mai ruwa, ɗayan yana da takobi da ƙahon albarushi.

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka yi a 1959, har yau tana tafiya kan wannan rabo. Bindigogin yaƙi haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai cin harsashi, lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta ɗuri kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da izininta. Ƙera bindiga ko harsashi ba a yarda da shi ba sai a ma'aikatar gwamnati ko da lasisi na musamman, kuma riƙe harsashi ba tare da izinin bindigarsa ba laifi ne. Ma'aikatar da aka kafa don wannan aiki ita ce DICON ta Kaduna, tun 1964. Ke nan abin da yake sana'ar ƙarshen mako a Amurka, a nan hanyar gidan yari ce. Ni kuwa, ganin halin da muke ciki, ban ga laifin dokar a wannan gaɓa ba.

Masu addabar ƙauyukanmu ma ba ta wannan hanya suke samun harsashi ba, kuma tarin da mai sikeli ya ture gefe ya isa shaida. Yawancin harsashin AK-47, wanda ake kira 7.62×39, kwansonsa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti ko ruwan jan ƙarfe, kamar yadda masana'antun Rasha da Sin suka saba yi don sauƙin kuɗi. Irin wannan ba ya lanƙwasuwa yadda tagulla take yi, an yi shi ne don harbi ɗaya. Ga kuma ƙyastunsa. Iri biyu ne a duniya, dukansu na wajen 1866: na Edward Boxer, hafsan sojan Ingila, wanda Amurka ta runguma saboda sauƙin cirewa, da na Hiram Berdan, Ba'amurke, wanda ya bazu a Turai da Asiya, mai wuyar cirewa. Na AK galibi irin na biyun ne. Don haka kusan duk kwanson AK da yaro ya tsinta a bayan gari, cikakken harsashi ne ya fito daga wata masana'anta, ya bi ta hannun wani mai lasisi, ya kwana a wani rumbun makamai, sannan wani ya sayar ko aka sace ko aka ƙwace, har ya iso dajin da ke tsakanin Maradun da Shinkafi. Kowane ɗaya da hanyar da ya biyo.

A nan ne rubutun gindi yake da amfani. A kwanson soja yawanci lambobi biyu ne: ɗaya ta masana'anta, ɗaya ta shekarar da aka yi shi. Masu bincike sun san cewa 539 Tula ce ta Rasha, 10 ta Bulgeriya ce, 71 da 61 na Sin ne. Kwanso ɗaya ba ya faɗar komai. Amma in aka tara na hare-hare hamsin, aka ga lamba ɗaya da shekara ɗaya suna ta maimaituwa daga Bakura zuwa Maradun, to an kama bakin zaren, ana iya tambayar masana'antar wa ta sayar wa wannan zubi. Ƙungiyar Conflict Armament Research ta yi irin wannan aiki a kan makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020. Ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya, wasu daga na Kwaddibuwa, wasu bindigogin farauta ne na Turkiyya da aka yi fasa-ƙwaurinsu ta tashar jiragen ruwan Legas, wasu kuma daga rumbunan jami'an tsaron Nijeriya kanta suka zurare. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta tanadi a riƙa sa wa harsashi alamar masana'anta da ƙasa da shekara da lambar zubi, saboda wannan dalili.

Filayen da za a tsinci irin wannan shaida ba su yi mana kaɗan ba. Dattawan yankin suna tuna Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da suke neman diyyar gonakin da madatsar ruwan Bakolori ta cinye; gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙauyuka da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Na baya-bayan nan kuwa kowa ya gani. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe mutane aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun, abin da ya zo daidai da rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a jihar Zamfara. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ƙananan ƙauyuka, da ake yi da daddare a binne gawa da hantsi, Allah kaɗai ya san yawansu. A kowane ɗaya an bar kwanso a ƙasa. Abin da yake ci mini rai shi ne mafi yawansu iska da damina da yara ne suke kwashewa.

A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, har aka yi maganar raba takardun cikewa 500 ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. 'Yan sanda da shugabannin soja suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,645. Na fahimci abin da yake kai mutum ga neman bindiga. Wanda aka kore wa shanu, aka sa wa garinsa haraji kafin ya girbe geronsa, ba ya bukatar wani ya yi masa wa'azin haƙuri daga Abuja. Amma duk muhawarar ta tsaya kan wa zai riƙe bindiga, alhali bindiga tana shekara arba'in tana aiki, harsashi kuwa kullum sai an kawo sabo. AK da ba harsashi sanda ce mai nauyi. Da za a sa kowane ofishin 'yan sanda da kowane kwamandan Askarawa, bayan kowane hari, ya tattara kwanson wurin a leda, a rubuta gari da rana, a ɗauki hoton gindinsu da waya a aika wuri ɗaya, ko ga cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a Abuja a 2021, da cikin shekara guda an san hanyoyin da ba a sani ba yanzu. Aikin bai fi ƙarfin ledar naira hamsin da biro ba. Kuma lissafin ya haɗa da harsashin da gwamnati take raba wa nata mutanen, domin rahoton 2020 ya nuna rumbun gida ma yana yoyo.

Maƙeranmu kuma abin a dube su ne da idon rahama. Mutumin da zai iya duban bindiga ya kwaikwaye ta da masaba da zarto da uwar maƙera yana da basirar da ƙasa take bukata. Yau yana tsakanin wuta biyu: ɗan sa-kai yana roƙonsa, hukuma tana kama shi, ɗan bindiga yana iya sace shi ya sa shi gyara a daji. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a cikin Talata Mafara, ga dubban kadada na noman rani a ƙarƙashin Bakolori da suke neman mai gyaran injin ban-ruwa da garma da injin casar shinkafa. Hannun da ya iya tsuke bututu zai iya waɗannan.

Sai maganar yara. Sukan busa kwanso kamar usur, su sa a baki, su cika aljihu da shi. Cikinsa akwai ragowar toka mai dalma. Jihar da ta binne yara sama da 400 a 2010 saboda gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta san abin da wannan ƙarfe yake yi wa ƙwaƙwalwar yaro, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Kuma cikin abin da suke tsinta akan sami wanda bai tashi ba, da kansa da albarushinsa, yaro ya kai shi gida ya sa dutse yana bugu don ya ciro tagullar.

Ranar nan a kasuwa na tsuguna na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka ture gefe, na goge gindinsa da bakin riga. Lambobin suna nan, biyu a sama biyu a ƙasa, tsatsa ta fara cin ta ƙasan. Na tambayi mai sikelin inda yake kai na tagullar.

Ya ce, "Alhaji, in buhu ya cika mota ka zuwa ta ɗauka. Kano aka kai su."

"A yi me da su?"

"A narke mana."

Ya ƙirga wa yaron 'yan canjinsa. Yaron ya ninke ledarsa ya cusa a aljihu, ya ce wa mai sikelin akwai saura a wajen, gobe in Allah ya kai mu zai koma da ƙanensa.